GIYAR OTOMATIK: ZAFI DA MUGUN MAI SU KE CINYE TA

 Yau maganar da na zo da ita a kan motar da ke kai mu kasuwa ta dawo da mu ce, musamman irin wadda ba ta da kuloci, wato mai giyar otomatik, wadda a yanzu ta cika hannun mutanenmu. Ba da tirelolin da ke ɗaukar mana shanu nake ba, waɗannan yawancinsu giyar hannu gare su, kuma direbobinsu sun san kansu. Ina nufin ƙaramar motar da falke ke shiga da kansa, da kuɗinsa da yaransa.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san zamanin Peugeot 404 akori-kura, da 504, da tsohuwar Land Cruiser. Waɗannan in batir ya mutu sai yara su tura ta tashi, in kuloci ya ƙone kowane bakanike na bakin hanya zai canza maka kafin la'asar. To amma tun da motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka suka yi ta shigowa ta Kwatano da Lome, sai ga Corolla da Camry da Sienna da Highlander da Prado a ƙofar gidan kowane falke, kuma mafi yawansu otomatik ne. Daɗin tuƙi kam ba a magana, ƙafa ɗaya ta ishe ka. Sai dai mun karɓi motar ba mu karɓi ilimin riƙonta ba.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu fiye da ma'aikacin ofis shi ne, mu ranakun kasuwa ba sa jiran kowa. Potiskum Laraba ce, Maigatari Alhamis, Mai'aduwa da Baleyara Lahadi. Wanda giya ta kwantar da shi a hanya ranar jajiberen kasuwa, ya rasa cinikin mako guda ke nan, wani ya ɗauke shanun da dillalinsa ya tsayar masa. Abin da ma ya fi wannan muni shi ne mutum ya kwana a daji da jakar kuɗi a irin wannan zamani. Ga shi kuma kuɗin sayen wata giyar, wadda mutanen Najeriya ke ce wa giyabos mu kuma nan muke ce wa bwat, yakan kai kuɗin bijimi mai kyau, alhali man da zai tsare ta bai wuce kuɗin ɗan akuya ba.

ABIN DA KE CIKINTA

Wannan giya ba sabuwar aba ba ce. Kamfanin General Motors na Amurka shi ya fara sa ta cikin motocin kasuwa, a Oldsmobile ƙirar 1940, da suna Hydra-Matic. Tun daga lokacin an yi mata gyare-gyare da yawa, amma asalin aikinta yana nan yadda yake: da mai take aiki.

A giyar hannu ƙarfe ne ke kama ƙarfe, ƙafarka da hannunka su ke yin umarni. A otomatik kuwa, tsakanin injin da giya akwai wani abu kamar ƙwarya biyu da aka kife aka liƙe, kanikawa na ce masa kwanbata. A cikinsa akwai fanka biyu suna kallon juna, cike da mai. Injin na juya ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi ya juya ta biyu, mota ta motsa. Bayansa akwai famfo mai tura mai, sai wani faranti mai ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa, wanda ke raba man zuwa inda ake bukata. Man nan shi ke matse waɗansu siraran faya-fayai masu fuska kamar takarda, waɗanda ake kira faiba, kuma matsewar nan ita ce canjin giyar da kake ji. A motocin yanzu kwamfutar mota ce ke ba da umarnin lokacin canji.

Ka ga ke nan mai ɗaya aiki huɗu yake yi: shi ke ɗaukar ƙarfin injin, shi ke canja giya, shi ke sa ƙarafa santsi, shi ke kwashe zafi. In ya lalace, duk huɗun sun lalace tare. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganar.

ZAFI

Man giya ya fi son ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos. Masana harkar mai suna da wani ƙiyasi da suke bi, cewa duk ƙarin kamar digiri 10 a kan wannan yana rage wa man rabin kwanansa. In zafi ya wuce 120, robobin da ke tare mai a ciki sai su fara bushewa su yi tauri. In ya doshi 150, faiba kanta ke ƙonewa.

To duba ƙasarmu. A watannin Afirilu da Mayu zafin iska kawai yakan haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Sakkwato da Marwa da Injamena. Motar da aka ƙera don titin Jamus ko na Kanada ita ce muke shiga da ita rairayin arewacin Dakoro ko Tanut da tsakar rana, da mutum bakwai a ciki, da buhunan dusa da kanwa a baya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata direba ya sani. In mota tana tafiya sosai a kan kwalta, kwanbata yakan kulle kansa, fanka biyun nan su zama abu ɗaya, zafi ya ragu. Amma in tana jan ciki cikin rairayi ko laka, ko tana hawa da kaya, ba ya kullewa. Fanka ɗaya na gudu ɗaya na jan jiki, ƙarfin da ya ɓace a tsakaninsu kuwa zafi yake zama, ya shiga cikin mai. Shi ya sa tafiyar kilomita 20 cikin rairayi ta fi ta kilomita 200 a kan kwalta wahalar da giya.

WANE MAI ZA KA ZUBA?

A nan ne aka fi cutar motoci. Sai ka ji mutum ya aiki yaro, "Je ka sayo jan mai." To ba duk jan mai ne ɗaya ba. Jan nan ma launi ne kawai aka zuba don a bambanta shi da baƙin mai na injin. Kowane kamfani yana da irin man da ya ƙera faibarsa a kai, kaurinsa daban, santsinsa daban.

General Motors ya fito da Dexron a 1967, kuma Dexron III shi ne wanda ya fi yawa a shagunanmu. Ya dace da tsofaffin motoci da dama, har da tsofaffin Toyota da aka rubuta musu shi. Amma daga baya Toyota ya koma wani mai da ake kira T-IV, sannan ya koma WS, wanda ya fi ruwa-ruwa. Honda yana da nasa, da can Z1, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Yawancin tsofaffin Hyundai da Kia da Mitsubishi SP-III suke sha. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin sandar awo ko a kanta, in babu a duba littafin motar.

Sai wata giya da ake kira CVT, wadda a waje kamanninta ɗaya da otomatik amma a ciki bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin gargare biyu. Ita ce a cikin Nissan Murano, da Altima daga ƙirar 2007, da yawancin Corolla ta Amurka daga ƙirar 2014. Wannan manta daban ne sam, na Nissan mai suna NS-2 ma kore ne. Wanda ya zuba mata Dexron ya fara haƙa mata kabari.

Abu biyu kuma a kiyaye. Na ɗaya, man giya mai kauri, mai lamba 90 ko 140, mai warin nan, na giyar hannu ne da aksul, ba ya shiga otomatik ko da ɗigo. Na biyu, jabu ya yi yawa. Ana tara tsofaffin galan a cika su da mai mai araha irin wanda ake zuba wa sitiyari, a liƙe baki. Mu da muka san yadda ake ɗura wa sa ruwa da kanwa daren kasuwa don ya yi ciki, bai kamata a yi mana irin wannan a galan ba. Sayi mai a wurin dila sananne, ka duba hatimin murfi, ka tsaya a zuba a gabanka, in an gama ka huda galan ɗin. Araha ba ta ado.

YADDA AKE AWO

Awon man giya ba irin na baƙin mai ba ne. A yawancin motoci sai an yi tafiya kamar ta minti 15 mota ta ɗumama, a tsaya a wuri mai baje, a ja birkin hannu, a bar injin yana aiki a silo. Ka taka birki ka bi da giya ta kowane harafi, ka ɗan dakata a kowanne, ka dawo P. Sannan ka zaro sanda, ka goge da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu na wajen da aka rubuta HOT. Honda mai sanda ita ce ta bambanta, ita kashe injin ake yi a auna nan take, cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi.

In ya gaza, famfo zai riƙa jan iska, faiba ta riƙa sulɓi. In ya yi yawa, ƙarafa su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai. Kuma ka sani, giya ba ta shan mai kamar yadda tsohon injin ke sha. In ka ga ya ragu, to akwai inda yake yoyo, a nemo wurin.

Ɗiga shi a farar takarda ka duba. Sabo ja ne garau kamar zoɓo. In ya koma kamar shayi, ya tsufa, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana warin ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, faiba ta fara ƙonewa. In kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga, kada a ƙara tayar da motar.

Motoci da yawa na baya-bayan nan ba su da sanda. Su akwai wani noti a ƙasa ko a gefe da ake kwancewa mai ya zubo in ya kai, kuma sai man yana kan wani zafi da aka ƙayyade, wanda ake gani da na'urar kwamfuta. Wannan aikin wanda ya koya ne, kada a ba mai cewa "mu gwada mu gani."

YAUSHE AKE CANJI?

Za ka ji ana cewa man wata mota ba a canja shi har abada. Waɗansu kamfanoni sun faɗi haka, amma kamfanin ZF na Jamus, wanda shi ke ƙera wa BMW da waɗansu giyarsu, da kansa yana ba da shawara a canja. Littattafan motoci ma in ka duba, suna ware abin da suke kira aiki mai tsanani: zafi, ƙura, jan kaya, mugun titi. Mu aikinmu na kullum ke nan. Ni shawarata ga mai bin kasuwannin daji ita ce kada ya wuce kilomita 40,000 zuwa 50,000, ko shekara biyu, duk wanda ya riga zuwa.

A lura da agogon mota. Wadda ta zo daga Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wato in ta nuna 30,000, ka yi kilomita 48,000 ke nan. Kuma kowa cikinmu yana da littafin da yake rubuta bashi da la'ada. Ware shafi ɗaya a bayansa, da boko ko da ajami, ka rubuta ranar canji da lambar agogo da sunan man. Direba na iya barin aiki, littafi yana nan.

In an kwance notin ƙasa, ba duka man ke fita ba. A mota irin Corolla ko Camry abin da ke zubowa lita 3 ne zuwa 4, alhali giyar na ɗaukar kamar ninki biyu na wannan, sauran yana cikin kwanbata. Saboda haka in man ya tsufa ƙwarai, a canja, a yi tafiyar mako ɗaya ko biyu, a sake canjawa, har sau uku in da hali. A auna abin da ya fito, a mayar da daidai shi, sannan a duba sanda. In giyar mai kwano ce a ƙasa, a sauke shi a canja filta da gaskit, a goge maganaɗisun da ke ciki. Baƙin dagwalo mai laushi a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli alamar ciwo ce. Kuma kada a yi wannan aiki a fili ranar da iska ke tashi da ƙura, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta maƙale a hanyoyin nan na gidan tururuwa. Kada a wanke cikinta da fetur ko kananzir.

Akwai masu cewa, "Wane ya canja mai, bayan kwana uku giya ta mutu." Gaskiyar abin ita ce, giyar ta riga ta ƙone, dagwalon faibar da ke yawo cikin tsohon man ne ke ɗan riƙe ta. Kamar saniya ce da sammore ya gama da ita, aka yi mata allura ranar da ta kwanta, sai a ce allura ce ta kashe ta. In man ya riga ya yi baƙi da ƙauri kuma mota na sulɓi, canji ba zai warkar ba, a fara tanadin gyara. In kuwa lafiyarta lau, canji ba ya yi mata komai sai alheri.

LAGIRETO MA NA CIKIN MAGANA

Da yawa ba su san man giya yana bi ta cikin lagireto ya huce ba. In ka leƙa za ka ga siraran tiyo biyu sun fito daga giya sun shiga jikinsa. Ke nan duk abin da ya sa injin zafi ya sa giya zafi. Bayan damina, in an ratsa ciyawa, ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da fara sukan toshe fuskar lagireto, a riƙa hure ta da iska ko a wanke da ruwa marar ƙarfi. A tabbata fanka na tashi. A daina zuba ruwan rijiya zalla, domin gishirin da ke cikinsa yana cin ƙarfe. Ran da ya huda bututun da ke ciki, ruwa da man giya sai su gauraye, ruwa kuwa yana narkar da gam ɗin da ya riƙe faiba. Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier ƙirar 2005 zuwa 2010 sun yi suna da wannan matsala a Amurka, har kamfanin ya ƙara wa'adin garantin lagiretonsu. Mai irin waɗannan ya sa ido.

Wanda ya san aikinsa na rairayi ne da kaya, ya sa a ɗaura masa ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da abin da yake tsarewa.

HALIN TUƘI

Rairayi. Kafin ka shiga, rage iskar taya, ka sauko da giya zuwa 2 ko L, kada ka bar ta a D tana hawa tana sauka. Mai Hilux ko Prado ko Land Cruiser ya sa 4L in rairayin mai zurfi ne, domin ƙaramar giyar nan tana ɗauke wa kwanbata nauyi. In an fito kwalta a mayar da iska, a cire ƙafa huɗu a motar da ake sa mata da hannu. In ka kafe, sauka a tona, a sa itace ko tabarma. Wani abokin fataucinmu, direbansa ya kafe a hanyar wata kasuwa ta arewa, ya yi ta buga D da R yana taka totur har wajen rabin awa, don kunyar kada a ce ya kasa. Motar ta fita, amma kafin su kai kwalta ta daina ja, shanun da suka je dominsu kuwa wani ya loda. A motocin Toyota masu ƙafa huɗu akwai fitila mai rubutun A/T OIL TEMP. In ta kama, tsaya, sa P, ka bar injin yana aiki a silo har ta mutu. Kada ka kashe injin, domin shi ke zagaya da man ya huce.

Hawa da gangara. Masu bin hawan dutsen da ke tsakanin Garwa da Ngaundare, ko hawan Mambila zuwa Gembu, ko Hawan Kibo a hanyar Jos, in kun ji mota na canja giya sama da ƙasa ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ku danna O/D OFF ko ku sauko 3 ko 2. A gangara ma haka, injin ya taya birki riƙo. Kada a tsayar da mota a kan hawa da totur, a taka birki.

Sakin mota a N. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023, wannan ɗabi'a ta ƙaru, wai don a rage shan mai. Ba ta rage komai. Injin na zamani in ka ɗaga ƙafa mota na cikin giya, da kansa yake yanke fetur, a N kuwa dole ya sha don kada ya mutu. Ga haɗarin rasa riƙon injin, ga bugun da giya ke sha in ka mayar D a guje. Masu kashe injin ɗungurungum a gangara kuwa, sun tsayar da famfon mai, kuma birki da sitiyari za su yi musu tauri.

Ruwa. A saman giya akwai ɗan ƙaramin hanci da take numfashi da shi. In ka shiga gulbi ko ƙorama da giya mai zafi, ruwa ya rufe hancin nan, sai ta zuƙe shi. In ruwa ya wuce tsakiyar taya gara a jira ya janye. In dole ta sa an ratsa, a duba launin man a ranar.

Kaya. Sienna motar iyali ce. In aka cire kujeru aka cika ta da raguna Balami ana gab da Layya, aka ɗora buhuna a sama, giya ce ke biyan kuɗin motar da aka ƙi ɗauka.

Tsayawa. Kada ka sa R ko D sai mota ta tsaya cik. In za ka ajiye ta, taka birki, ja birkin hannu, sannan ka sa P, domin abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba. In layi ya yi tsawo a kan iyaka, kamar Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, sa P ka huta, kada ka riƙe ta a D da birki. Ɗan tsayawa na minti ɗaya kuwa ba ya bukatar taɓa giya.

IN TA TSAYA A DAJI

Otomatik ba ta tashi da turi, kada a wahalar da yara. A riƙa tafiya da wayar haɗa batir. Kuma ba a ɗaura mata igiya a ja ta nesa, domin in injin ba ya aiki famfo ba ya aiki, ƙarafa za su yi ta juyawa a bushe. Littattafan motoci sukan yarda da ɗan ja a hankali zuwa wuri kusa ne kawai. Mai ja da ƙafar gaba, kamar Corolla da Camry, a ɗaga gabanta. Mai ja da baya a kwance furofela. Mai ja da ƙafa huɗu kullum sai dai a ɗauke ta gaba ɗaya. Mu ma Allah ya hutar da mu, kusan duk babbar kasuwa akwai tudun lodin shanu, kuma ba a rasa babbar motar da za ta koma ba kaya.

ALAMOMIN CIWO, DA SAYEN WATA

Makiyayi tun daga kunnen saniya da yadda take tuƙa yake gane ba ta da lafiya. Giya ma tana nunawa: ka sa D ko R ta yi jinkiri kafin ta kama, ko ta kama da bugu, injin ya yi ƙara gudu bai ƙaru ba, rawar jiki in ta kai wani gudu, jan ɗigo a inda ta kwana, ko ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canjawa. Wannan na ƙarshe sau da yawa kwamfutar mota ce ta kulle ta da gangan don ta tsare ta, kuma dalilin na iya zama ƙaramin abu, sensa, ko wayar da ɓera ya ci, ko batir mai rauni. Saboda haka kada ka yarda a sauke giya sai an sa na'ura an karanta abin da motar ke faɗi. Bakaniken da ya ce "sai mun buɗe" tun bai auna mai ba, ɗauki motarka ka yi gaba.

In za ka sayi mota, yi mata irin duban da kake yi wa sa: ba ka saye sai ka buɗe baki ka ga haƙora, ka sa an kora shi ka ga tafiyarsa. Je ka da sassafe kafin a ɗumama ta, ka ji yadda take kama D da R a sanyi. Sannan a yi tafiyar rabin awa har ta yi zafi, a hau tudu, domin wata giyar sai ta yi zafi take nuna halinta. Shinshina sanda. Kada ka dogara da agogo, ana mayar da shi baya. In ka saya, canja man tun a makon farko, tun da ba ka san abin da mai ita na can ya yi ba.

In kuwa ta kai ga sayen wata giyar ta hannu, a gwada lambobin jikinta da na tsohuwar, a yi sharaɗin kwanakin gwaji a gaban shaidu kamar yadda muke yi a ciniki. A wanke tiyo da hanyar lagireto kafin a ɗaura, in ba haka ba dattin waccan zai shiga wannan ya kashe ta.

'Yan'uwa, ku karanta wa direbobinku wannan, domin su ke riƙe da sitiyari. Kafin fita ta gaba a zaro sanda a duba, a leƙa ƙarƙashin mota, a share fuskar lagireto, tun ana gida, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.